Kalma Ɗaya da Ta Share Muryar Mama

Mutum yana manta abubuwa da yawa ko bai yi niyya ba. Ni yanzu in ka tambaye ni sunayen rabin ɗaliban da na koyar, sai dai in yi ta murmushi ina cewa "yaron nan, yaron nan." Amma ranar da aka share min kwamfuta a Sabon Gari, ita kam ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da tsufa ya zo ya kwashe sauran. Ba kwamfutar ce ta dame ni ba. Abin da ke cikinta ne ya tafi, kuma kalma ɗaya tak ta tafi da shi.

A lokacin muna zaune a Samaru ni da maigidana, ina koyar da lissafi a wata sakandare. Mahaifiyata kuma tana Zabi, a gidan babban wana. Mama ba ta yi boko ba, karatunta bai wuce na Littafi Mai Tsarki da Hausa ba, amma Allah ya ba ta waƙa. Tun ina goye ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu. Tana tsakiyar surfe ko wanki sai waƙa ta zo mata, ta yi ta juya ta a baki har ranar zumunta, ta koya wa mata, su ɗauka da tulu da caki. Ko ɗaya ba ta taɓa bari an rubuta ba. In ka matsa mata sai ta ce, "Waƙa ai ba sammaci ba ce da za a sa ta a takarda."

Wani dogon hutu na dage na riƙa zuwa Zabi da wayata. In ta gama aikin safe sai mu zauna a gindin mangwaron tsakar gida, in danna, ta rera. Tsofaffin waƙoƙinta da sababbi duk ta yi min, tana haɗawa da labarin abin da ya sa ta yi kowace. Da wayar ta cika na kwashe su na zuba a kwamfutata ta tafi da gidanka, na sa wa wurin suna "Mama", na goge na wayar don in sami fili. Niyyata in zauna in gyara su, in yanke kukan awaki da hayaniyar jikoki, sannan in tura wa dangi da matan zumunta. Niyya ce dai, ba ta wuce niyya ba. Makaranta ta koma, maki da jarrabawa suka rufe ni.

Ba a yi shekara ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Allah ya sa ta tashi. Hannunta na hagu yana aiki, tana gane kowa, tana jin duk abin da aka faɗa, amma magana ta tafi. Abin da ya rage a bakinta shi ne "to" da "a'a", sai wata irin ƙara da take yi in ranta ya ɓaci. Daga ranar, muryar Mama a duniyar nan wuri ɗaya take, cikin kwamfutata. Matan zumunta sun san da wannan. Uwar zumunta da kanta ta same ni bayan sujada ta ce suna shirin yi wa Mama ranar godiya bayan girbi, suna so a saka waƙoƙin a lasifika ta ji kanta. Na ce ba damuwa, komai yana hannuna.

Sai ga ƙanin mijina. Shi ne autansu, yana ajin ƙarshe a jami'a, yana haya a Bomo tare da abokansa. Ni Injiniya nake kiransa, don tun yana sakandare babu rediyo ko tocilan da ya shiga hannunsa ya fito yadda ya shiga. Shi kuma "matarmu" yake ce min in yana neman tsokana, "Anti" in yana neman wani abu. Ranar da ya shigo yana "Anti, Anti" tun daga ƙofa, na san akwai magana. Tasa kwamfutar ta mutu, aikinsa na kammala karatu kuma ba ya yiwuwa sai da wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake kira Linux. Tawa kuwa Windows ne a kanta.

"Ba zan taɓa miki komai ba," in ji shi. "Kin ga kwamfutan nan kamar gida ne. Windows ne ke zaune shi kaɗai, ya mamaye ko'ina. Ni katanga kawai zan ja a tsakiyan disk ɗin, in sa Linux a ɗaya ɓangaren. Kina kunnawa zai tambaye ki wane ƙofa za ki shiga. Dual boot ake ce mishi, very simple."

"Mene ne kuma disk?"

"Rumbun ne, inda kayanki suke kwance."

"To rumbun nawa za ka ja wa katanga, kayana suna ciki?"

"Haba matarmu! Ko ƙuda ba zai sauka a kansu ba."

Maigidana yana gefe yana cin gyaɗa, ya ce, "Ki ba shi mana, ai fanninsa ne." Na ba shi. Sharaɗina ɗaya, a gabana za a yi, a falona.

Wata Asabar da hantsi ya zo da ɗan filas ɗinsa, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ajiye bayanai, ya zauna a kan tabarma. Akwai abin da duk gidan muka sani game da kwamfutar nan, shi ne batirinta ya daɗe da mutuwa. Sai an jona ta take aiki, ana zare wayar wuta take ɗaukewa. Shi ma ya sani. Amma an kawo wuta tun asuba, kuma ya ce aikin ba zai daɗe ba. Ina tsinke zogale ina leƙen wani koren layi yana tafiya a hankali a fuskar kwamfutar, yana gaya min wai yanzu ake matsar da kayana gefe guda don a sami wurin katangar. Layin ya kai wajen rabi sai fankar falo ta fara rage gudu. Kafin in ɗaga kai, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Na ji Injiniya ya ce "Yesu!" a hankali, irin wanda ba na addu'a ba.

Da aka dawo da wuta ya kunna, sai wasu ƙananan fararen rubutu a kan baƙin fili, daga nan ba gaba ba baya. Ba Windows, ba Linux. Gidan da za a yi wa ƙofa biyu ya tashi ba ko ɗaya. Na ce masa garin neman gira ke nan. Ya rantse min kayana suna nan lafiya, hanyar shiga ce kawai ta toshe. Daga baya na tabbatar gaskiya ya faɗa, har wannan lokacin babu abin da ya ɓace. Ya wuni yana fama, washegari bayan coci ya sake dawowa ya yi ta dannawa yana gumi. A ƙarshe ya sauke girman kai ya ce zai kai wa Oga.

Oga wani mai gyaran kwamfuta ne a Sabon Gari, kusa da kasuwa, da ɗaliban Samaru ke kai wa aiki in ya fi ƙarfinsu. Ibo ne, amma a nan Sabon Gari aka haife shi, a nan ya yi wasan ƙasa. Ana cewa mutum yana jin Hausa kamar jakin Kano, to shi sai dai a ce jakin Zariya, don Zazzagancin bakinsa ya fi nawa nuna. Injiniya ya kai masa kwamfutar da sassafe a gurguje saboda yana da gwaji a makaranta. Ya tarar da shagon cike, Oga ya karɓa ya ce ya je, ya turo masa abin da yake so a yi ta saƙon waya. Ni duk ban san wannan ba. Abin da aka gaya min kawai shi ne an kai, kuma za a gyara.

Ranar da za a karɓo na ce zan bi shi, dama ina da sayayya a kasuwa. Muka hau bas daga Samaru, muka bi ta Kwangila, yana ta ba ni labarin yadda Oga ya ce aiki ya yi kyau. Shagon ɗan ƙarami ne, kwamfutoci a jere har rufi, janareta yana ruri a baya. Oga ya gaishe ni da "Sannu da zuwa, Madam," ya jawo min benci, ya ɗauko kwamfutar ya jona ya kunna. Sai ga zaɓi biyu sun fito tsaf, ɗaya a saman ɗaya. Injiniya ya yi tsalle ya tafa.

"Kin gani ko, matarmu? Ƙofa biyu!"

Aka shiga ta Windows. Ta buɗe da sauri fiye da yadda na saba, fes da ita kamar sabuwa. Hoton 'yata da ke fuskarta babu, sai wani shuɗin fili. Ban kawo komai a raina ba. Na ce a buɗe min wurin da na rubuta "Mama". Oga ya dube ni, ya dubi Injiniya.

"Wane Mama? Ai ba komai a ciki. Na share."

"Ka yi me?" in ji Injiniya.

"Na share, kamar yadda ka ce. Disk ɗin dama ya rikice, na share shi tas, na ɗora maka duka biyun a kai."

"Ni na ce ka share? Yaushe?"

Kowannensu ya zaro wayarsa, kowa yana da tabbacin shi ne zai kunyata ɗan'uwansa. Saƙo ɗaya ne a wayoyin biyu, kuma har yau ina iya kawo shi da ka. Injiniya ya rubuta, "Oga, abin da nake so kawai ka share disk ɗin, Windows gefe ɗaya, Linux gefe ɗaya." Oga ya tambaya, "In share duka?" Ya amsa, "Eh, duka mana." Oga ya sake tambaya, "Kayanka fa, kana da su a wani wuri?" Ya amsa, "Suna filas, no wahala." Kuma gaskiya ne, nasa kayan suna filas. Oga bai san kwamfutar ba tasa ba ce, shi kuma bai ga dalilin ambaton nawa kayan ba, tunda a saninsa rabawa kawai za a yi.

A nan matsalar take. Akwai wata kalmar Turanci da 'yan makaranta ke yawan jefawa cikin Hausa in suna nufin a raba abu. A baki "shiya" suke cewa, amma a rubuce baƙaƙenta ɗaya ne da "share" namu na tsintsiya, ba bambancin ko ɗigo. Injiniya da Turanci ya rubuta ta. Oga da Hausa ya karanta ta.

"Shiya na ce! Ka shiya shi biyu, ka raba! Turanci na rubuta!"

"Turanci?" Oga ya cire tabarau. "Tun daga 'abin da nake so' har 'gefe ɗaya' Hausa kake yi, sai a tsakiya ka tsallaka Ingila ba ka ba ni sigina ba? Ni Inyamuri na karanta da Hausa, kai Bahaushe ka rubuta da Turanci, sannan laifin nawa ne?" Ya miƙa wayar ga maƙwabcinsa mai sayar da caja. "Abeg, read am for me."

Maƙwabcin ya karanta ya ce ai wannan rabawa ake nufi, kowa ya sani. Wani dattijo da ya kawo gyaran na'urar buga takardu ya karɓa, ya nisanta wayar da idonsa, ya ce shi dai share ya gani, kuma in an ce share duka to an gama magana. Shago ya rabu biyu, kowa yana ɗaga murya. Da a ce kwamfutar wani ce, da ni ma na yi dariya har da hawaye.

Na karɓi wayar na karanta da kaina. Karon farko share na gani. Na sake karantawa da muryar Injiniya a kunnena, sai na ga rabawa. Duka biyun suna zaune daram a cikin jimlar. Wannan ya fi komai ƙona min rai, don na zo wuya ina neman wanda zan sauke a kansa, na rasa. Na koma kan benci na zauna. Ban san na yi magana da ƙarfi ba sai da na ji shagon ya yi tsit.

"To muryar uwata fa, tana ina?"

Oga ya ce, "Wane murya, Madam?" Na gaya masa a taƙaice. Ban gama rufe baki ba ya miƙa hannu ya fizge wayar wutar, kwamfutar ta mutu nan take. Ya ce kada wanda ya sake kunna ta. Ya yi min bayani cewa share rumbu kamar goge allon aji ne, wani lokaci ana iya ganin inuwar alli in ba a sake rubutu a kai ba. Matsalar ita ce shi ya riga ya rubuta, har sau biyu, da ya ɗora Windows da Linux. Ni da nake goge allo kullum ban buƙaci ƙarin bayani ba.

"Wallahi Madam, da ya ce min na wani ne, ko ya ce akwai abin da ba shi da kwafi, da ban taɓa ba sai na kira. Ki bar min shi. Ban miki alkawari ba, amma duk abin da ya rage zan tono."

Muka fito muka hau bas ɗin komawa. Sayayyar ma ban yi ba. Da muka iso Samaru Injiniya ya sauka ya tsaya a gefen titi yana murza hannu, ya ce, "Anti…" Na ce masa ya wuce Bomo, kada ya bari in buɗe bakina yau, don abin da zai fito ba zai koma ba. Ya wuce. Maigidana da ya ji labari ya so ya bi shi har can, na hana. Na ce wanda ya ce "ki ba shi mana" yana cin gyaɗa ba shi da bakin yi wa kowa faɗa. A makon nan kowa a gidan ya sha ruwan fushina, har kaji.

Abin da ya fi min nauyi shi ne gaya wa Mama. Na yi ta ɗagawa, yau ciwon kai, gobe taron malamai, har uwar zumunta ta sake tare ni tana tambayar ko na gama shirya waƙoƙin. Ranar na hau keke napep na tafi Zabi. Na same ta a kujerarta a gindin mangwaro, matar wana tana gyara mata ɗankwali. Na durƙusa na faɗi komai, ban ɓoye ba, ban ƙawata ba. Na ce waƙoƙin nan da muka ɗauka sun goge, kuma ba ni da wasu. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To." Na ɗauka ta gama, sai ta ɗaga hannun hagu tana nuna ƙofar gida tana wannan ƙarar tata. Muka yi ta cinka. Ruwa? A'a. A shigar da ita ɗaki? A'a. In tashi in tafi? Ta harare ni, a'a. Matar wana ce ta lura ba ƙofar take nunawa ba, hanyar coci ce.

"Mama, matan zumunta za a kira?"

"To."

Haka aka fara. Da yamma in sun taso daga gona da kasuwa sai su taru a tsakar gidan, wata da tulunta, wata da caki, wata da jika a baya. Ashe babu wadda ta riƙe waƙoƙin duka, amma kowace tana da rabonta. Wannan ta san farkon waƙa ta manta ƙarshe, waccan amshi kawai ta riƙe, wata tsohuwa da ta zo daga Unguwar Gabas tana da waɗanda Mama ta yi tun kafin a haife ni. Gardama kuwa ba a magana. Sai a kai rabin baiti wata ta tsayar da tulu ta ce ba haka ba ne, ɗayar ta ce ita tana wurin ranar da aka fara rera ta. Mama ce alƙali, tana zaune a kujera da ludayi a hannun hagu. In an yi daidai ta lumshe ido tana kaɗa kai. In an kauce ta ƙwanƙwasa hannun kujera ta ce "A'a!" da ƙarfin da ba mu san tana da shi ba. Sai a yi ta gwada kalma bayan kalma har a dace ta ce "To." Uwar zumunta kanta ta sha ludayi, har ta ce, "Ke dai ko ba baki sai kin yi mana mulki."

Ni aikina riƙe waya ne, ina ɗauka, kuma a ranar nake tura wa duk mai waya a cikinsu. A zama na biyu ko na uku Mama ta nuna ni da ludayi. Na matso da wayar kusa, ta ce a'a. Ta nuna bakina. Na ce, "Mama, kin san ni ba ni da murya." Gaskiya ce, tun ina yarinya in na shiga waƙa ake matsawa. Ta ƙwanƙwasa kujera. Dole na ba matar wana wayar na shiga sahu. Sai a lokacin na gane na zauna gaban matar nan hutu guda tana rera min waƙoƙinta, amma ko ɗaya ban iya daga farko zuwa ƙarshe ba. Na dogara da cewa suna cikin kwamfuta.

Mun tattaro da yawa, fiye da yadda na zata. Amma akwai guda ɗaya da babu wadda ta sani. Ita ce waƙar da Mama ta yi bayan rasuwar mahaifinmu, ba ta taɓa kai ta zumunta ba. Sau ɗaya ta rera ta, a ranar ƙarshe ta ɗaukarmu, daga ni sai ita, ta ce wannan tawa ce, in ajiye. Layin farko kawai ya tsaya min a kai: "Ka jingine fartanya tun rana ba ta faɗi ba." Wata yamma bayan mata sun watse na zauna kusa da ita na rera layin, na tsaya, ko Allah zai sa sauran ya fito. Leɓɓanta suka yi ta motsi. Tana da waƙar, ina gani a idonta tana da ita kaf, amma hanyar fitowa babu. Ta yi ta ƙoƙari har hawaye suka zubo mata, ni ma na kasa riƙe nawa. Ban sake gwadawa ba, don na ga azaba nake ba ta.

Ana gab da girbi Oga ya kira ni. Na je ni kaɗai. Ya ce ya bi rumbun lungu lungu, ya nuna min abin da ya samu: hotuna da rabinsu ya zama toka, tambayoyin jarrabawar da na daɗe da mantawa da su, da wasu tarkace marasa suna. A cikin sauti kuwa guntu ɗaya ne kawai ya buɗe. Ya miƙo min abin sawa a kunne, ya juya baya yana gyara wayoyin da ba su buƙatar gyara. Na ji muryata tana cewa, "To Mama, mu je." Na ji Mama ta yi gyaran murya, irin nata mai hawa biyu da duk cocinmu suka sani, wanda in ta yi shi masu tulu ke gyara zama. Ta ja numfashi. Daga nan ya yanke.

Na kai mata ta ji. Na yi zaton za ta yi kuka, sai ta fashe da dariya da rabin bakinta, ta nuna wayar a sake. Na sake, ta sake dariya. A ranar godiyar abin da aka saka a lasifika ke nan. Gyaran muryar yana fita, masu tulu suka gyara zama ba tare da an ce musu komai ba, mata suka ɗauki waƙa daga inda numfashin ya yanke. Mama tana gaba a kujerarta da ludayinta, don ta ƙi yarda a raba ta da shi, kuma sau biyu ta yi amfani da shi a gaban fasto.

Injiniya ya zo ranar, ya tsaya can baya. Dama ya riga ya zo gida ya ba ni haƙuri, wansa, wato maigidana, ya raka shi, ya durƙusa yana kuka kamar ba shi ne mai "very simple" ba. Ban iya riƙe shi a zuciya ba, yaro ne mai kirki, kuma abin da ya rubuta rabin ɗaliban Samaru haka za su rubuta shi. Da kwamfutar ya gama aikinsa, ƙofa biyun suna aiki lafiya lau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yanzu yana aiki a wani gari da iyalinsa. In zai turo min saƙo, ko dai Hausa zalla ko Turanci zalla, kuma in abin mai muhimmanci ne kira yake yi.

Mama ta yi 'yan shekaru bayan nan sannan Ubangiji ya kira ta. A sujadar jana'izarta waƙoƙinta aka rera tun daga gida har makabarta, kuma ni na ba da waƙa, da wannan muryar tawa da ake matsawa. Ba wanda ya matsa.

Na koyi cewa matambayi ba ya ɓata, kuma mu da muke tafiya da harshe biyu a baki ɗaya, in abu yana da daraja gara a buɗe baki a faɗe shi a ji da kunne. Amma babban darasin ba na kalma ba ne. Abin da kake so ya rayu, kada ka kulle shi wuri ɗaya kana jiran ranar da za ka gyara shi ya yi kyau. Ka ba mutane tun yanzu, yadda yake. Waƙoƙin da Mama ta raba wa mata, baiti a wajen wannan, amshi a wajen waccan, su ne suka dawo. Wadda ta ba ni ni kaɗai, na adana ta a inda na ga ya fi ko'ina tsaro, ita ce ta tafi, kuma layi ɗaya nake da shi har yau.